Yadda ake ɗauko sunayen zakaru da makinsu daga allon wasan waya

Wata ranar Lahadi da hantsi ɗan ƙanwata, wanda yake karatun kimiyyar kwamfuta a nan Kaduna, ya same ni a gida a Unguwar Rimi da waya a hannu, ko gaisuwar kirki bai tsaya ya gama ba. Ya shafe watanni yana haɗa wani ɗan wasan waya na cike karin magana, inda ake rubuta wa mutum “Komai nisan jifa” a ba shi daƙiƙa goma ya ƙarasa, kuma ya raba wasan ga abokan karatunsa domin su gwada masa. “Kawu, allon nan ya cinye makin mutane,” in ji shi, yana nufin allon zakaru da yake jera sunayen 'yan wasa da makinsu. Wani abokinsa ne ya jira sai da ƙarfe sha biyun daren Asabar ta gota, sannan ya zauna ya yi ta bugawa har kiran sallar asuba, da niyyar ya kafa makin da ba wanda zai kamo a sabon mako. Amma da ya farka wajen ƙarfe tara ya buɗe allon mako, sai ya tarar da shi wayam, babu sunansa, babu na kowa. Ɗan ƙanwata ya bi umarnin kwamfutar da ya rubuta wa wasan layi bayan layi bai ga kuskure ba, kuma ya yi gaskiya, domin babu kuskure a cikinsa.

Abin da ya rikita shi shi ne abin da yake rikita kusan duk wanda ya fara wannan aiki, wato zaton cewa jerin sunayen da ake gani a fuskar waya yana zaune ne a cikin wayar, kamar hotuna ko lambobin mutane. Ba a nan yake ba. Allon zakaru yana kan wata babbar kwamfuta mai nisa da masu harkar suke kira uwar garke, kuma duk lokacin da aka taɓa maɓallinsa, tambaya ce wayar take aikawa a dawo mata da amsa. Amsar kuwa tana bin tambayar sau da ƙafa: wane allo ake nufi, na wane tsawon lokaci, a cikin waɗanne mutane, kuma mutum nawa ake so a kawo. Mafi yawan abin da ake kira matsalar allo, idan aka bi diddigi, sai a tarar tambayar ce aka yi ba tare da an san iyakarta ba.

A da ba haka abin yake ba. Injinan wasa na tsaye da ake jefa wa kwabo a Amurka da Japan su ne suka fara riƙe maki mafi girma, kuma Asteroids, wanda kamfanin Atari ya fitar a 1979, yana cikin na farkon da suka bar ɗan wasa ya sa haruffa uku na sunansa a jerin mutum goma. A lokacin allon yana cikin cikin injin ne, saboda haka zakaran wannan shago bai san da zakaran shagon gaba ba. Da Apple ya buɗe Game Center a 2010, Google kuma ya biyo baya da Google Play Games a 2013, wato tsare-tsaren da suke riƙe wa wasannin waya asusun 'yan wasa da makinsu, sai allon ya bar hannun ɗan wasa ya koma uwar garke, yaron Tudun Wada ya sami kansa a layi ɗaya da wanda yake bugawa a Indiya ko Barazil.

Tunda yawancin wayoyin da suke hannun mutane a garin nan, daga shagunan titin Ahmadu Bello zuwa teburan masu caji a Kawo da Rigasa, masu Android ne irin su Tecno da Infinix da itel, zan fi tsayawa a kan tsarin Google, in riƙa taɓo na Apple inda suka saɓa. Google ya ba maginin wasa hanya biyu. Ta farko ita ce ya kira allon da Google ya riga ya ƙera, wanda yake buɗewa a kan wasan da launinsa da fasalinsa. Wannan aikin layi biyu ko uku ne, sai dai sunayen ba sa shiga hannun maginin, saboda haka ba zai iya jera su yadda yake so ba, ba kuma zai iya ɗaukar sunan zakaran mako ya manna a shafin farko na wasansa ba. Ta biyu, wadda ita ce ainihin batunmu, ita ce ya nemi bayanan tsagwaronsu ya zana allonsa da kansa. Umarnin da ake yin haka da shi a Android sunansa loadTopScores, kuma ba ya motsi sai an ba shi abubuwa huɗu.

Na farko shi ne lambar shaidar allon, wasu haruffa da alƙaluma a cakuɗe da ake samu lokacin da aka ƙirƙiri allon a Play Console, shafin da Google ya tanadar wa masu gina manhaja. Wasa ɗaya yana iya mallakar allo har 70, kowane da tasa lambar, kuma babu wahala a nan sai ga mai gaggawar da ya kwafo ta wani allon ya sa a gurbin ta wani.

Na biyu shi ne tsawon lokaci, kuma a nan ne gizo yake saƙarsa. Kowane allo da aka ƙirƙira, Google yana riƙe masa fuska uku ba tare da an roƙa ba: ta yau, ta wannan mako, da ta dindindin wadda take tattare da komai tun ranar farko. Amma “yau” ɗin ba ta Kaduna ba ce. Bisa ƙa'idar da Google ya wallafa, allon yini yana komawa fanko ne da tsakar dare a agogon da yake bayan na GMT da awa bakwai, wato agogon bazarar yammacin Amurka, kuma haka yake duk shekara ba ya canzawa. Allon mako shi ma yana komawa fanko a tsakar daren da ya raba Asabar da Lahadi a wannan agogon dai. Agogon Najeriya yana gaban na GMT da awa ɗaya. Bakwai da ɗaya takwas ke nan, ma'ana sabon yini a allon Google yana kamawa ne da ƙarfe takwas na safe a Kaduna, sabon mako kuma da ƙarfe takwas na safiyar Lahadi. Abokin ɗan ƙanwata da ya raba dare yana tara maki, a cikin awannin ƙarshe na tsohon mako ya tara su, kamar wanda ya yi shuka da daddare a gonar da za a yi wa huɗa da safe. Makin bai ɓata ba, yana nan daram a allon dindindin. Allon mako ne ya juya shafi a lokacin da aka yanka masa, kuma maginin wasa ba shi da ikon matsar da wannan lokacin.

Na uku shi ne rukunin mutanen da za a duba, ko na jama'a ko na abokai. Kalmar jama'a ma tana da sharaɗi, domin allon ya ƙunshi waɗanda suka yarda a nuna harkar wasansu a fili ne kaɗai. Wanda ya rufe bayanansa a saitin asusunsa na Play Games yana iya fin kowa maki, uwar garke ta karɓa ta ajiye, amma sunansa ba zai fito a cikin goman farko ba, kuma babu gyaran da maginin zai yi daga ɓangarensa ya fito da shi. Wannan yana yawan jawo zargi tsakanin abokai, inda wani zai rantse ya ci maki kaza, a duba allo a rasa shi, a ce ƙarya yake yi. Allon abokai kuwa sai ɗan wasa ya ba wasan izinin duba jerin abokansa. Idan bai bayar ba, wajibi ne wasan ya fara nuna masa buƙatar izinin kafin ya sake aika tambayar.

Na huɗu shi ne adadi. A Android ba a neman fiye da mutum 25 a tafiya ɗaya, yayin da Game Center na Apple yake bari a nemi har 100. Wanda yake son nuna ɗarin farko a Android sai ya yi sawu huɗu, yana neman shafi na gaba bayan ya karɓi na baya. Allon kuwa ba ya tsayawa cik don ana karanta shi. A kowane tsarin da ake ɗebo jeri shafi-shafi, idan wani ya haura daga na 30 zuwa na 20 a tsakanin sawun farko da na biyu, akwai yiwuwar suna ɗaya ya fito sau biyu ko wani ya zame ba a gan shi ba, saboda haka mai hankali yakan tace jerin da lambar shaidar ɗan wasa kafin ya zana shi. A ganina ma ɗarin farko ba ta da amfanin da ake zato. Wanda yake na 4,000 ba abin da zai yi da sunan na 87; abin da yake so ya gani shi ne goman da suke can sama, sannan mutum biyar da suke kansa da biyar da suke ƙarƙashinsa, waɗanda zai iya wucewa a daren yau. Akwai umarni na dabam da aka tanada domin wannan, wanda yake kawo makin da suke kewaye da ɗan wasan, kuma haɗa su biyun ya fi doguwar tafiya cikin shafuka sauƙi a kan data.

Idan amsa ta iso, kowane layi yana ɗauke da matsayin ɗan wasa, da sunan da yake nunawa, da lokacin da ya ci makin, da makin kansa a siffa biyu: ɗanye da gyararre. Bambancin siffofin nan biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Uwar garke ba ta san daƙiƙa ko naira ko ɗigon goma ba, cikakkiyar lamba kawai ta sani. Idan allon na lokaci ne, ana aika makin a matsayin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ta yadda 83,500 yake nufin minti ɗaya da daƙiƙa 23 da rabi. Idan na kuɗi ne, 1,000,000 shi ne ɗaya, misali dala ɗaya. Ɗanyen makin shi ne waccan doguwar lambar, wadda ake lissafi da kwatance da ita. Gyararren kuma rubutu ne da aka riga aka tsara domin idon mutum. Wanda ya ɗauki gyararren ya yi jeri da shi zai ga 9 ta zauna a kan 1,000, domin kwamfuta tana jera rubutu ne harafi-harafi daga hagu, kuma 9 ta fi 1. Akwai kuma zaɓin da ake yi sau ɗaya tak lokacin ƙirƙirar allo, wato ko babbar lamba ce ta fi ko ƙarama. Allon yawan maki babba yake so, allon saurin amsa ƙarama yake so, kuma da zarar an wallafa allon ba a sake juya wannan zaɓin. Wanda ya yi kuskure a nan zai naɗa mafi nawa a matsayin zakaran gudu, kuma ba shi da mafita sai sabon allo.

Suna ma ba kullum yake zuwa tare da maki ba. Masu gina wasa da Unity, wata manhajar haɗa wasanni, waɗanda su ne da yawa a cikin matasan da suke koyon sana'ar, sukan tarar cewa abin da ya dawo musu maki ne da lambar shaidar mai shi kawai, wata doguwar lamba marar ma'ana ga ido. Sai sun tattara lambobin goman sun sake aika tambaya ta biyu kafin a ba su sunaye da hotuna, sannan su haɗa kowace lamba da sunanta. Ana iya ganin wannan kamar wahalarwa ce, amma akwai hikima a ciki, domin suna yana canzawa, kuma a wasanni da yawa mutum biyu suna iya ɗaukar laƙabi ɗaya, lambar shaida kuwa ita ce take zama. Duk lissafin da aka ɗora a kan suna, ranar da mai shi ya sake laƙabi zai rushe.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin kaya a wannan wurin. A wasannin da suke barin mutum ya rubuta laƙabinsa da kansa, na sha ganin wanda ya sa wa kansa suna irin su Ɓarawon Maki ko Ƙaramin Sarki, ya fito a allo da ɗan akwati fanko a gurbin harafin farko. Sunan ya tafi lafiya ya dawo lafiya. Salon haruffan da maginin ya zuba a wasan ne ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, domin injinan wasa sukan ɗebi haruffan da aka lissafa musu ne kawai su mayar da su hoto, kuma wanda bai lissafa masu lanƙwasa ba, manya da ƙanana, ba zai gan su ba. Wani lokacin kuma wurin yanke dogon suna ake yin ɓarnar. A tsarin UTF-8, wanda kwamfuta take ajiye haruffa da shi, harafin k bayit ɗaya yake ci, wato gurbin ajiya ɗaya, ƙ kuwa biyu, saboda haka wanda yake yanke suna da ƙidayar bayit yana iya raba ƙ gida biyu ya bar wata alama marar kan gado a ƙarshen sunan mutum.

Sai batun jira, wanda shi ne ramin da masu koyo suka fi faɗawa. Umarnin ɗauko maki ba ya dawowa da jerin nan take. Kamar ɗan aike ne da aka tura Kasuwar Gumi: an ba shi saƙo ya fita, gida ya ci gaba da harkokinsa, sai ya dawo ya yi sallama sannan a karɓi kaya. Mai koyo yakan rubuta layin aike, a layi na gaba kuma ya buɗe jaka yana neman abin da aka sayo, ya tarar babu komai, ya ce allon fanko ne, alhali ɗan aiken ko bakin titi bai kai ba. Daidai shi ne a rubuta abin da za a yi idan amsa ta zo, da abin da za a yi idan ba ta zo ba, a bar wasan yana nuna alamar jira a tsakani. Kashi na biyun nan, na rashin zuwan amsa, shi ne ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a wurinmu ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ya san akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa a hanya, kuma lokacin ne mutum ya fi buɗe wasa. Tsarin Google yana ajiye kwafin amsar baya a wayar, yana iya miƙo shi tare da alamar cewa kwantai ne, kuma ya kamata maginin ya duba alamar ya gaya wa ɗan wasa gaskiya, ko da da ɗan rubutu ne a ƙasan allon. Akwai damar tilasta wa wayar ta watsar da kwafin ta nemo sabo, amma an tanade ta ne domin lokacin da mutum ya ja allon da yatsa yana neman sabuntawa. Wanda ya kunna ta a kowace buɗewa yana ƙona datar mutane ne a banza. Makin da aka ci ba tare da sabis ba shi ma yakan jira a wayar har hanya ta buɗe, shi ya sa wani lokacin mutum yake ganin sabon makinsa a wasa amma allon bai san da shi ba tukuna. Bayan an karɓi jerin kuma, ana kwafe abin da ake buƙata ne a saki ma'ajin da ya zo a ciki, in ba haka ba ƙwaƙwalwar wayar za ta riƙa cika a hankali, abin da ƙananan wayoyi ba sa jurewa.

Duk wannan yana faruwa ne bayan ɗan wasa ya shiga asusunsa, kuma shigar ma tana da tarkonta. Google yana gane wasa ne da sunan ƙunshinsa, wato sunan da ya bambanta shi da sauran manhajoji, da zanen yatsan makullin sirrin kwamfuta da aka sa masa hannu da shi, wanda ake kira SHA-1. Makullin gwaji da yake kan kwamfutar maginin dabam ne da wanda Play Store yake sa wa wasan hannu da shi idan an ɗora, saboda haka wasan da allonsa yake aiki sumul a ɗakin mai shi yana iya ƙin shiga asusu a wayar duk wanda ya sauke shi daga kantin, har sai an yi rajistar zanen yatsan na biyu. Kafin a wallafa wasan kuma, sai waɗanda aka rubuta adireshinsu a jerin masu gwaji ne za su iya shiga.

Da ɗan ƙanwata ya ji duk waɗannan sharuɗɗa, sai ya ce, “To Kawu, me zai hana in yi nawa allon?” Babu abin da zai hana, kuma akwai dalilai masu kyau na yin hakan: allon da yake juyawa da tsakar daren Najeriya, ko allon Kaduna ita kaɗai, ko wanda yake gwada Barnawa da Kawo, ko aji da aji a makaranta. Sai dai duk nauyin da Google yake ɗauka a ɓoye zai dawo wuyan maginin. A rumbun bayanai na gargajiya, ɗauko goman farko abu ne mai sauƙi, ana cewa a jera daga babba zuwa ƙarami a tsaya a goma, kuma idan an yi wa ginshiƙin maki fihirisa, amsar tana fitowa cikin ƙiftawar ido. Wahalar tana wurin gaya wa wanda yake can tsakiya matsayinsa, domin sai an ƙirga duk waɗanda suke gabansa, kuma idan mutum dubbai suna tambayar haka a lokaci ɗaya rumbun yakan gaji. Wannan ne ya sa da yawa suke amfani da wani rumbun bayanai mai suna Redis, wanda Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya ya fara a 2009. Yana da wani nau'in jeri da yake zama a shirye kullum, wanda aka gina da matattakala hawa-hawa ta yadda ake tsallake mutane da yawa a taku ɗaya, har ya zama gano matsayin mutum a cikin miliyan ɗaya bai wuce taku wajen ashirin ba.

Ɗalibai sun fi karkata ga Firebase, wani dandalin ajiye bayanan manhaja a intanet wanda Google ya saya a 2014, saboda ba sai mutum ya kafa uwar garkensa ba. Shi ma yana da halayensa. Tsohon rumbunsa, Realtime Database, daga ƙarami zuwa babba kawai yake jerawa, saboda haka ana neman goman ƙarshe ne sannan a juya su a waya. Wanda ya manta da juyawar zai ɗora na goma a kan na ɗaya. Sabon rumbun, Firestore, yana jerawa ta kowace fuska, amma yana ƙirga kowace takarda da aka karanta, wato kowane gundarin bayani kamar na ɗan wasa ɗaya, kuma rabon kyauta karatu 50,000 ne a yini. Lissafin ba shi da wuya: allon mutum goma karatu goma ne, idan 'yan wasa 1,000 suka buɗe shi sau biyar kowannensu, rabon yini ya ƙare ƙarƙaf, abin da ya biyo baya kuma da dala ake biyansa. Dabarar ita ce a sa uwar garke ta riƙa tattara goman farko cikin takarda ɗaya duk bayan 'yan mintoci, kowa ya karanta ita kaɗai, sai karatu 50,000 ya koma 5,000.

Wanda ya yi nasa allon dole ya yanke hukunci a kan kunnen doki. Idan mutum biyu suka yi maki ɗaya a matsayi na biyu, wanda yake bin su na uku ne ko na huɗu? Harshen SQL, wanda ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ya tanadi duka biyun, ɗaya yana ba da 1, 2, 2, 4, ɗaya kuma 1, 2, 2, 3, kuma ba wanda ya fi wani inganci, zaɓi ne kawai da ya kamata a yi da sani. Redis kuwa, idan aka bar shi, da jerin haruffa yake raba masu maki ɗaya, abin da ba shi da alaƙa da ƙwazon kowa. Ni dai ina ganin wanda ya riga kaiwa shi ya cancanci zama a sama, kuma ana cim ma hakan ta hanyar cusa lokacin cin makin a cikin wutsiyar lambar, ta yadda na farko zai ɗara na biyu da ɗan abin da ido ba ya gani. A yi hattara dai da tsawon lambar, domin Redis yana riƙe cikakkiyar lamba daidai ne zuwa alƙaluma wajen goma sha shida, bayan nan sai ya fara ƙiyasi.

Ko allon na Google ne ko na gida, akwai tambayar da take ƙarƙashin duka: wa ya ce makin gaskiya ne? A tsari mafi sauƙi waya ce take cewa “mai ni ya ci kaza”, uwar garke kuma ta rubuta. Wayar kuwa tana hannun ɗan wasa, kuma akwai manhajojin da suke canza lambobi a cikin ƙwaƙwalwar wasa yana tsaka da gudana. Shi ya sa aka sha ganin allunan shahararrun wasanni da 9,223,372,036,854,775,807 a samansu, wadda ba komai ba ce illa lamba mafi girma da gurbin makin zai iya ɗauka. Google ya ba da damar sa iyakar sama da ta ƙasa ga allo, ya kuma tanadi kariyar da take ɓoye makin da ake zargi, sannan maginin yana iya ɓoye ɗan wasan da ya kama da maguɗi. Iyakar ita ce mafi arha kuma ita aka fi mantawa da ita. A wasan da yake da tambaya 20, kowace da maki 50, babu dalilin karɓar abin da ya haura 1,000. Maganin da ya fi ƙarfi shi ne a hana waya faɗin maki gaba ɗaya, ta riƙa aika amsoshin da lokacin da aka ba da su, uwar garke ta yi lissafin da kanta. Wannan ya fi tsada da wahala, amma duk wanda yake shirin sa kyautar kati ko kuɗi ga zakaran mako ba shi da wani zaɓi, domin ranar da kyauta ta shigo, ranar masu maguɗi suke shigowa.

Saura masu tambayar yadda za su ɗauko jerin zakarun wasan da ba nasu ba, misali mai shirya gasa a unguwa ko mai shafin labaran wasanni. Ƙofar Google da ta Apple a ɗaure suke da shaidar wasan, saboda haka ba a shiga allon wani da makullin wani. Sai dai idan kamfanin ne ya buɗe tasa ƙofar, kamar yadda Supercell na ƙasar Finlan ya yi wa Clash of Clans da Clash Royale da Brawl Stars, inda mutum yake yin rajista a ba shi makulli ya nemi jerin zakaru ƙasa-ƙasa. Makullin nasu a ɗaure yake da adireshin intanet na na'urar da za ta yi tambayar, abin da yake wahalar da mai aiki da datar waya, domin adireshinsa yana yawan sauyawa, sai dai ya kama hayar ƙaramar uwar garke mai tsayayyen adireshi. Inda babu irin wannan ƙofa, kutsawa ta bayan gida yakan saɓa wa sharuɗɗan wasan kuma yana iya jawo rufe asusu. Wanda kuma yake tara sunayen gaskiya da lambobin waya a nasa allon domin raba kyauta, ya sani cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta hau kansa, kuma ta nemi yardar iyaye ko mai kula idan bayanan na yaro ne. Laƙabi da lambar shaida sun ishi allo, sauran bayanan a ajiye su inda jama'a ba sa gani.

Ɗan ƙanwata dai bai gina nasa allon ba, domin da ya yi lissafin kuɗin hayar uwar garke da na karanta bayanai daga rumbu sai jikinsa ya yi sanyi. Ya bar na Google, ya sa iyakar maki 1,000, ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kan allon mako da yake cewa sabon mako yana farawa ranar Lahadi da ƙarfe takwas na safe. Lahadin da ta biyo baya ya turo mini hoton fuskar wayarsa da ƙarfe takwas da minti ashirin, sunan abokin nan nasa shi kaɗai a allon, a matsayi na ɗaya, da maki 850.